Allon da Ake Gani Daga Gefe

Kakata Hansai daddawa take yi, shi ya sa wuta ba ta mutuwa a gidanmu. Kalwa ba ta dahuwa da gaggawa. Tun hantsi ake ɗora tukunya, a yi ta tura ice, har a yi sallar isha'i tana nan tana bararraka. Wannan wutar ita ce fitilarmu, a wani ɗan ƙauye bayan Ringim da yanzu ko na faɗi sunansa ba mai ganewa. In an ci tuwo an wanke hannu, sai mu jawo tabarmar kaba mu zube gaban murhu. Warin kalwa na shiga mana hanci, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

Tana da wurin zamanta, ba ta sake shi. Bayan tukunya take zama, inda inuwa ta rufe ta, mu kuma ta jera mu inda haske ke dukan fuskokinmu. In yaro ya ja jiki ya shige duhu, sai ta miƙo kara ta zungure shi.

"Fito in gan ka. Ni ba na ba ƙeya labari."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Cewa take, "Na tsinto wata a hanyar rafi, wa zai riƙe mini?" Mu haɗa baki mu ce, "Kawo mu riƙe." To, daga nan ba ka ƙara jin ko tari.

Wadda ta fi ba mu ita ce ta wata mata mai ɗa ɗaya. Ɗan ya bi fatake ya tafi, damina ta bi damina, ba shi ba labarinsa. Matar nan ta je bakin gulbi ta zauna tana kuka, har wata tsohuwa ta fito daga cikin ruwa riƙe da ƙwarya. Ta ce mata, "Karɓi. In rana ta faɗi ki cika ta da ruwa ki leƙa, za ki gan shi. Amma ido na ba ki, ban ba ki baki ba. Ranar da kika yi masa magana, ƙwarya ta gama aikinta."

Haka aka yi. Kullum magariba ta leƙa. Ta gan shi yana ɗaure kaya a bayan jaki. Ta ga gemu ya tsiro masa. Ta ga 'yan fashi sun tare su a daji sun kwashe masa komai, ta cusa bakin zaninta a baki ta cije, ba ta ce uffan ba. Sai wata rana ta leƙa ta gan shi kwance a wani zaure, a garin da ba ta sani ba, zazzaɓi na kaɗa shi. Ga tulu nan kusa da kansa, amma ba mai miƙa masa. Ba ta san lokacin da ta ce, "Tashi ka sha ruwa, ɗana," ba. Ƙwarya ta dare gida biyu, ruwa ya bi ƙasa ya tafi.

A nan Kaka take tsayawa. Ta gyara wuta, ta buɗe tukunya ta duba kalwa, kamar ta manta da mu. Sai wani ya kasa haƙuri.

"Kaka, ya ji ta?"

Sai ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Wani dare ta ce, "Ina zai ji? Ruwa ne fa kawai a ƙwarya." Wani dare ta ce, "Ya ji mana. Ya tashi ya sha." Mu yi ta musu da ita cewa rannan ba haka ta ce ba, ta ce rannan daban, yau daban.

Akwai shekarar da babana ya tafi cin rani, har ruwa ya sauka aka yi shuka bai dawo ba. A daren da nake tunawa, innata tana zaune a ƙofar ɗakinta da mazari a hannu, tana kaɗi kamar ba ta saurare. Da aka yi tambayar, Kaka ba ta dube mu ba. Ta tsallake kawunanmu ta dubi innata, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Ya ji." Ta ƙara da cewa, "Na mayar da ita inda na tsinto ta. Ku tashi ku kwanta."

Babana bai dawo ba, ba a wannan daminar ba, ba a wata ba.

Yau na girmi Kaka a shekarun da ta rasu. Ina zaune a gidan ɗana Alhaji, a Nassarawa GRA, inda katanga ta fi mutum biyu tsawo, maƙwabci kuwa da ƙarar hon ɗin motarsa ake sanin ya dawo. Ba murhu a gidan, sai gas. Ina da ɗaki mai sanyi da gado mai laushi, ba abin da na rasa. Idona ne kawai ke tafiya. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana binsa a hankali. Likita ya ce ciwon ba na fiɗa ba ne, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa gudu. Ban yi kuka ba da ya faɗa, don na ga duniya iya gani. Fuska ɗaya ce kawai nake son in ƙara gani kafin a rufe.

Jikana ne na fari. A ɗakina aka yaye shi, a bayana ya yi wayo. Sunan marigayi mijina ya ci, 'yan gida suna ce masa Sadik, ni kuwa Maigida nake ce masa, shi ya ce mini Amarya. Aka tura shi wata ƙasa mai sanyi karatun likita. Karatu ya ƙi, ya faɗi jarrabawa, ya sake faɗuwa, makaranta ta sallame shi. Ubansa ya kira shi cikin fushi ya ce, "Kada in ƙara jin muryarka sai da takarda a hannunka." Na san ɗana, fushinsa ba ya kwana. Amma yaron ya ɗauki maganar ya riƙe, har ya ƙara da tasa. Ya daina ɗaga wayar kowa. Tawa ma sai ta yi ta ƙara har ta gaji ta mutu.

Wata Asabar bayan la'asar ina wucewa ta ƙofar ɗakin ƙaninsa Mubarak, sai na ji dariya daga ciki. Ni na san wannan dariyar tun ba haƙori a bakin mai ita. Na dafa bango na tsaya ina saurare.

Da aka jima Mubarak ya fito, na riƙe masa riga.

"Ja'iri, muryar wa na ji?"

Ya duba hagu ya duba dama, ya ja ni ciki ya rufe ƙofa. Ya ce wani wasa ne suke yi duk Asabar ta kwamfuta, tun kafin Sadik ya tafi. Shi Mubarak shi ne mai ba da labari. Kowa a cikinsu yana da mutuminsa a labarin, wani maharbi, wani boka, wani ɓarawon awaki. Mubarak zai ce ga ku a bakin kogo, kun ji gurnani, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa ɗan ludo a cikin kwamfutar a ga ko ya dace. Na ce ashe tatsuniya ce ku ƙattin banza kuke yi da rana tsaka. Ya ce to, kusan haka.

"Amma Hajiya, sharaɗi Sadik ya kafa mini. Ba maganar gida, kuma ba kowa a ɗakin sai ni. Ya ce ranar da ya ga wani, shi ke nan. Nan ne kaɗai nake samunsa. Don Allah kada ki rusa mini."

Na ce ba zan rusa ba. A ba ni kujera can gefe, inda idon kamara ba ya kaiwa, in zauna kamar tulu. Ya yi ta ƙi, na yi ta naci, har ya ce sai na yi alkawarin ba zan yi ko tari ba. Na yi.

Asabar ta zo, na zauna. Allah Sarki, ban ga komai ba. Allon kwamfutar ɗan ƙarami ne, taswirar dajin da suke yawo a ciki ta cinye shi duka, fuskokin kuwa suna can a baki baki kamar ƙwayar gyaɗa. Daga inda nake ma duhu kawai nake gani. Murya na samu, na gode Allah, amma ba ita na zo nema ba.

Ashe shi ma Mubarak ya daɗe yana son ƙara allo na biyu, monita suke ce masa. Ya ce allo ɗaya ya yi masa kaɗan. Ga taswira, ga rubutun sirrinsa na abin da ke gaba a labarin, ga fuskokin mutane, yana ta buɗe wannan yana rufe wancan har zaren labarin ya kuɓuce masa. Rannan ma garin sauri ya nuna musu rubutun sirrin, Bitrus, wani malamin makaranta da ke zaune a Kawaji, ya karance inda dodo ya ɓuya, ya hana kowa bin hanyar. Akwai wani monita da Mubarak ya ƙwallafa rai a kai, wani dogo mai lanƙwasa, wai a kansa dajin gaba ɗaya zai fito lokaci guda.

Na ce ranar saye da ni za a je.

"Ke 'yar tsohuwa, me kika sani a monita?"

"Ban san komai ba. Amma da idona za a auna."

Ya gane.

Muka je wani shago a titin Beirut, alluna jere a bango suna ta walƙiya. Mubarak ya nufi mai lanƙwasar nan kai tsaye, yana shafa shi kamar an kawo masa amarya. Ni kuwa na ce wa mai shagon ya ba ni kujera, ya ajiye mini ita can gefe, misalin tsawon tabarma daga allon.

"Hajiya, ai ta gaba ake kallo. Dawo nan ki ga kyau."

"Ni ta nan zan kalla. Sa mini fuskar mutum."

Ya dubi Mubarak yana murmushi. "Yallaɓai, Hajiya ce za ta buga gem ɗin?"

"Ita ce ogarmu," in ji Mubarak. "Sa mata."

Ya sa fuskar wani ɗan ƙwallo a kan mai lanƙwasar. Daga inda nake, bakin allon na kusa da ni ya naɗe ya ɓoye rabin fuskar. Na ce a sake. Aka kunna wani mai sauƙi, mai shagon yana ta yabonsa. Ta gaba lafiya lau, amma ta gefe sai mutumin ya koma toka toka, kamar an tono shi daga murhu. Aka kunna wani mai sheƙi kamar madubi. A cikinsa na ga ƙofar shago, na ga adaidaita suna wucewa, na ga wata tsohuwa da mayafi ta ƙura ido, ɗan ƙwallo kuwa ban san inda ya shiga ba.

Mai shagon ya fara gajiya da ni. Ya jawo wani daga ƙasan kanta, ba ado ba lanƙwasa, fuskarsa ba ta sheƙi, wuyansa yana juyawa duk inda aka so. Ya ce irin wannan masu zane suka fi saye, don launinsa ba ya canjawa ko ta ina ka tsaya. Ya kunna. Na rufe mataccen idon da tafin hannu, na duba da mai ran.

"Wannan yaron yana da wushirya," na ce.

"Wallahi yana da ita, Hajiya!"

Mubarak ya tambayi ko igiyarsa za ta shiga kwamfutarsa, da ko inbata, na'urar ajiye lantarki ta gidan, za ta ɗauke shi in an ɗauke wuta. Aka ce za ta shiga, za ta ɗauka. Ya koma ya tsaya gaban mai lanƙwasar, ya daɗe. Sannan ya ce, "Naɗe mana wancan."

A mota na ce masa, "Na hana ka abin da kake so."

"Taswira ko a ƙaramin ma tana zama," ya ce, bai dube ni ba.

Ya kafa allon a gefen teburinsa, ya karkato wuyansa kaɗan wajen kujerata. Taswira da rubutun sirri suka zauna a kwamfuta, fuskoki suka koma sabon allo. Asabar bayan la'asar suka fara shigowa, kowa a cikin ɗan akwatinsa. Ga Bitrus da ƙaton tabarau. Ga wani yaro daga Tudun Murtala da sabis ke yawan yanke masa, ya daskare baki buɗe. Sai akwati na ƙarshe ya buɗe, Mubarak ya taɓa wani abu ya ƙara masa girma.

Na gan shi. Na ga tabon da ke girarsa, na ranar da ya faɗo daga kan turmina. Na ga gemu ya fito masa ba gyara. Yana cikin ɗaki amma da hular sanyi da ƙatuwar riga, bayansa bango ne fari fat, ko kalanda babu. Kumatun nan da nake ja in ya yi rashin ji sun zube. Na riƙe kujera da hannu biyu.

Asabar ta bi Asabar ina zaune ina kallo. Na lura da wani abu a wurin Mubarak. Tun da fuskoki suka dawo gabansa, labarinsa ya sake. In ya ga idon yayansa ya tafi wani wuri, sai nan take ya sako wa mutuminsa wata fitina, gada ta karye ko kura ta biyo shi, dole ya dawo ya yi magana. In ya ga ya gaji, sai ya kai su masauki a ba su fura. Ba wanda ya koya masa, bai ma taɓa jin sunan Hansai ba. A wasan Sadik maƙeri ne mai ƙaton guduma, mai cika baki. Can a ciki yana da ƙarfi, yana tsokanar Bitrus, yana cewa a bar masa dodon shi kaɗai. Ni kuwa ina ganin mai maganar.

Ranar da abin ya faru, ɓarawon awakin Bitrus ne ya faɗa rijiya, kowa ya fashe da dariya. Dariyar Sadik ta juye ta zama tari. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, ya ɗaga hannu zai rufe baki, sai agogon da ubansa ya ba shi ranar tafiya ya zame daga wuyan hannu ya gangara har kusa da gwiwar hannu. Agogon da na ga an ɗaura masa cif.

"Maigida, ba ka cin abinci ne?"

Ban ɗaga murya ba. Ban ma san ta fito ba sai da na ji ta a ɗakin. Dariya ta tsaya. Sadik ya ɗago ya dubi kamara sosai, kamar yana neman ta inda na ɓuya. Bakinsa ya motsa. Sai akwatin ya yi baƙi, sannan ya ɓace gaba ɗaya, sauran suka matso suka cike gurbinsa.

"Wa ya yi magana?" in ji Bitrus. "Mubarak, wace ce?"

Mubarak ya rufe kwamfutar. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Hajiya, kin yi alkawari."

Na ce, "Na yi."

"Ni ma fa ɗan'uwana ne."

Na lallaɓa na bi bango na koma ɗakina.

A kwanakin nan na yi ta tuna Kaka. Muna yara mun ɗauka tana ba mu labarin matar nan ne don mu koyi riƙe baki. Yanzu ba na jin haka ne. Ta san ba uwar da za ta yi shiru har ƙarshe, shi ya sa ba ta taɓa canja wannan wurin ba, ko sau ɗaya matar ba ta haƙura ba. Abin da ke hannunta amsar nan ce kawai, ita take juyawa, tana ba kowa gwargwadon abin da zai iya ɗauka ya kwana da shi. Ni kuwa ga ni a ƙaton gida cike da mutane, ba wanda zai dubi fuskata ya zaɓa mini amsa.

Asabar ta zo, bai shigo ba. Wata ta zo, bai shigo ba. Mubarak yana gaishe ni da safe kamar kullum, yana ɗiga mini magani, amma ya daina ce mini 'yar tsohuwa. Ni ma ban ƙara bi ta ƙofarsa ba. Da safe nakan rufe idon hagu in dubi bishiyar mangwaron da ke tsakar gida, in ga nawa ya rage. Da ina ganin ganye. Yanzu kore kawai nake gani.

Sai wata Asabar dab da magariba, ina lazimi, na ji an turo ƙofa.

"Hajiya, taso. Ya dawo yau. An tashi wasa, kowa ya fita, shi bai fita ba. Ya ce in kira ki."

Ya riƙe hannuna har ɗakin. Na nufi kujerata ta gefe, ya ce a'a, ya zaunar da ni a tasa, gaban allon sosai. Allon da muka sha wahalar zaɓe yana kunne, babba, mai kyau, ba komai a cikinsa sai baƙin akwati da wani harafi a tsakiya. Mubarak ya raɗa mini cewa ya kashe kamararsa, amma shi yana ganina.

Na zuba wa baƙin akwatin ido. Ina jin numfashinsa.

"Amarya."

"Na'am, Maigida."

"Kin tsufa."

"Da ka bar ni, wa zan yi wa kwalliya?"

Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo, ya danne shi. "Ina cin abinci fa. Abincin nasu ne ba daɗi. Ba yaji, ba daddawa."

"Ka je asibiti da tarin nan?"

"Zan je."

"Ubanka yana..."

"Amarya, don Allah."

Na bar ta. Na matsa kusa da allon har ina jin ɗuminsa a fuskata.

"To buɗe in gan ka."

Akwatin bai buɗe ba.

"Ba yanzu ba. Ba haka nake so ki gan ni ba. Ki bari in ɗan murmure tukuna, in yi aski, in samu abin da zan nuna. Zan buɗe, wallahi. Ki ba ni lokaci."

Mubarak ya sunkuyo zai yi magana, na san abin da zai faɗa, na damƙe masa hannu. Yaron da kunya ta hana shi ɗaga waya, ba zan ɗora masa idona a kan kayan da yake ɗauke da su ba.

Na ce, "To, Maigida. Amma ka yi sauri."

Ya yi dariya sosai a wannan karon. Ya ɗauka zolaya ce irin tamu.